Ƙwan Ƙarau a Ƙofar Gabas

Dakoro, ƙasar Birnin Lalle
Watan Rajab, 1314 bayan Hijira

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Halimatu 'yar Malam Jimrau zuwa ga jikan Hawwa'u, wanda aka ce yana Iskandariyya ta ƙasar Masar. Gaisuwa da addu'a. Bayan haka:

Intalla, Buzun nan mai kai fatu Tarabulus, ya sauka a rijiyarmu bayan kaka. Ya ce wani alhaji ya gan ka da idonsa, kana da rai, har ka yi jiki, kana aiki a wani gida mai hayaƙi inda Nasara ke dafa wuta. Na gode wa Allah a kan ranka. Sauran labarin ban ji daɗinsa ba.

Ka bar gidan nan tare da mahaifinka don ku sauke farali. Shi Allah ya karɓi abinsa a hanya, mun yi haƙuri. Kai kuwa ka sauke naka tun damina nawa, ka bi ta Masar ka maƙale. Wanda ya je ɗakin Allah natsuwa ya kamata ya kawo wa gidansu, ba ya tsaya hura wa baƙi wuta ba. Ban yi tsammanin karatun da kakanka ya ɗora ka a kai nan zai ƙare ba.

Ga labarin gida. Inna Hawwa'u da ta goye ka ta rasu bara, da sunanka a bakinta. Ƙanwarka Dela ta yi aure a Mai Yara, ta haihu, yaron bai san yana da kawu ba. Gonar arewa ta koma saura. Mata har yanzu suna zuwa ɗaukar karatu a wurina, sai dai yanzu da ka nake biya musu, domin yanar ido ta sauko mini a idon dama, ta fara taɓa na hagu. In rana ta yi sanyi ba na rarrabe baƙi da wasali. An kawo mini mai sokar ido daga Gobir, na sallame shi, don na ga yadda ya bar maƙwabcinmu Mamani da sanda.

Ban saba yi maka doguwar magana ba, ka sani. Kai ne na fari, ni kuwa 'yar gidan da ake kunyar ɗan fari ce. Ban kira sunanka ba tun ranar da aka raɗa shi, ba kuma zan fara a takarda ba. Abin da zan ce shi ne akwai abin da ido ke so ya gani kafin ya rufe. Ba sai na bayyana maka ba.

Ka tsare sallarka. Ka duba abin da kake ci a garin mutane. Ka biyo ayarin farko.

Haza wassalam.

*

Iskandariyya
Watan Muharram, 1315

Zuwa ga Yaya, Malama Halimatu, Allah ya ƙara girma da lafiya. Gaisuwa mai yawa da neman gafara. Har yau bakina bai iya kiranki da wani suna ba sai wanda Inna ta koya mini. Allah ya jiƙanta. Da na karanta rasuwarta na fita bakin teku na zauna har azahar ta kusa wuce ni.

Yaya, ba hura wuta nake yi ba, ko da yake da ita na fara. Abin da muke yi Misirawa na ce masa kahraba. Nasaran da suka kawo shi suna da wani suna da harshena ya lanƙwasa ya koma lantarki. Bari in gaya miki yadda yake, domin na san ba kya raina ilmi ko na wane ne.

A gidan akwai tukunya da ta fi rumbunmu girma. Tururinta ke juya wata na'ura. A cikin na'urar akwai maganaɗisu, ƙarfen nan mai jan allura, yana da kai biyu masu saɓanin hali. Kewaye da shi an naɗe zaren jan ƙarfe kamar yadda ake naɗe abawa a mazari. In kai ɗaya ya gifta ta gaban zaren sai ya tura wani ƙarfi a cikinsa ya yi gaba. In ɗaya kan ya zo sai ya jawo shi ya yi baya. Haka yake, gaba da baya, sau da yawa kafin ki ƙifta ido.

Ranar da Usta, wato babban ma'aikacin da ke koya mini, ya faɗa mini wannan, na ce masa, "To in yana zuwa yana komowa, yaushe yake isa gidan masu fitila?" Ya buge mini ƙeya, ya kira ni da sunan da suke kiran mutanen ƙasarmu, ya ce, "Kai Takruri, a garinku ba a niƙa? Dutsen da ke hannun mace ina yake zuwa?" Na ce ba ya zuwa ko'ina, gaba da baya kawai yake yi. Ya ce, "Gari yana fita ko ba ya fita?" Tun daga ranar na gane. Daidai yake da niƙa, Yaya. Ƙarfin ba ya ƙaura, kai da komo yake, amma aikin yana fita. A cikin fitila akwai wani siririn zare. Ko gaba ƙarfin ya yi ko baya, zaren zafi yake ɗauka, kamar tafin hannu in ana murza shi da sanyi, har ya yi fari ya haska ɗaki. Tsakanin zuwa da komowa hasken yana ɗan raguwa, amma zaren ba ya samun sararin hucewa, shi ya sa ido ba ya kamawa.

Sharaɗinsa guda ne: zare biyu, ɗaya daga na'ura zuwa fitila, ɗaya daga fitila zuwa na'ura, hanya ta rufe kamar zobe. In ɗaya ya tsinke, duhu ke nan. Akwai wani irin da ke tafiya gefe ɗaya kamar ruwan ƙorama, amma Usta ya ce namu ya fi shi a tafiya mai nisa, domin ana iya ɗaga ƙarfinsa a cikin wata tukunyar ƙarfe mai naɗi biyu, ya bi siririn zare ya ƙetare gari, a ƙofar gida wata tukunyar ta sauke shi.

Maganar idonki ta hana ni sukuni. Na tuna fitilar man gyaɗar da kike karatu da ita, da hayaƙinta. Ga ƙwan fitila guda na naɗe a auduga cikin ƙoƙo, na roƙi ɗan'uwan Intalla a Tarabulus ya riƙe shi kamar jariri. Ki gani da idonki irin abin da ɗanki ke yi, ki san ba yawon banza ya tsayar da ni ba.

Maganar komowa, ki ƙara mini haƙuri. Usta ya ce baɗi zai damƙa mini na'ura guda in riƙa kula da ita ni kaɗai, kuma ba a taɓa ba mutumin ƙasarmu wannan ba. Gona kuwa a ba mijin Dela ya noma. Na san gidan bai taɓa tsayawa don ba na nan ba. Ko da ina nan, in na shigo ta ƙofa ke bango kike duba. Ban faɗa don ƙorafi ba.

Ina sallata a kan lokaci. Ki gai da Dela da ɗanta, da Mamani, da Agali maƙeri in yana nan.

Ɗanki mai neman albarka,
Rabo

*

Dakoro
Watan Sha'aban, 1315

Da sunan Allah. Daga Halimatu zuwa ga jikan Hawwa'u. Gaisuwa. Bayan haka:

Takardarka ta iso, ƙwanka ma ya iso bai fashe ba. Na karanta ta da hantsi a tsakar gida, kwana uku ina bin ta kaɗan-kaɗan, don rubutunka ya ƙanƙance kamar na mai rowar tawada.

Na ce maka ido na rufewa, ka aiko mini da fitila. Har wutar taku, da ba ta da uwa, ka ce tana zuwa tana komowa. Ka zauna ka yi tunani a kan wannan.

Zan gaya maka abin da na yi, domin gara ka ji daga gare ni da ka ji a bakin 'yan ayari, sun riga sun ɗauke shi sun yi arewa da shi suna dariya. Ka ce zare biyu na jan ƙarfe, ka ce daidai yake da niƙa. Maganaɗisu ba mu da shi, amma dutsen niƙa akwai. Na ce a raina in fitilar nan ta kama, wataƙila idon hagu ya ƙara kwana. Sai na ciro mundayena na jan ƙarfe na aika aka kira Agali.

Ya juya su a hannu ya ce, "Malama, waɗannan fa na aurenki ne."

Na ce, "Na tambaye ka na mene ne? Zare nake so, siriri, guda biyu."

Ya ce, "Ni dai na ja zaren takobi, na ja na sirdi, ban taɓa jan na fitila ba. In ta ci gidan ba ruwana."

Ya narka, ya buge, ya ja ta ramin ƙarfe har suka yi tsawon gaba uku-uku. Muka ɗaura bakin kowane a gindin ƙwan. Ɗaya muka naɗe a uwar dutse, ɗaya a ɗan dutse, hanya ta rufe kamar zobe yadda ka ce. Dela ta zo ganin gida a lokacin, ita ta fara durƙusawa. Ta niƙa har gumi ya jiƙe mata zane. Na ce ta ƙara sauri, ai ka ce kafin a ƙifta ido. Ta ce, "Inna, in na fi haka sauri hannuna zai riga ni komawa Mai Yara." Ɗalibaina suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Labari ya zaga, matan unguwa suka fara zuwa da ƙwaryar hatsinsu, wai kada niƙan ya tafi a banza. Muka rufe ƙofa da tabarma don mu ga ko ya ɗan yi ja. Ni da ba na gani sosai sai tambaya nake, "Ya kama?" Su ce, "Tukuna, Malama."

Da la'asar Mata, matar Mamani, ta karkaɗe zanenta ta ce, "Fitilar Masar dai ba ta kama ba, amma tuwon mako guda ya samu, Allah ya yi wa ɗanki albarka." Agali da ke tsugune a waje ya ce, "Wataƙila dutsen ne ba ya jin Larabci." Na kore su duka. Mace mai shekaruna, wadda ta zauna gaban malamai ta sauke littattafai, ta tara mata suna yi wa kwalba niƙa. Kai ka jawo mini.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Ka rubuta cewa in ka shigo bango nake duba. Gaskiya ne. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi mata, ban kuma ga laifin tarbiyyar gidanmu ba. Amma kai da ka iya gane abin da ke gudu a cikin ƙarfe ba a ganinsa, ka kasa gane abin da ke gabanka shekara ashirin. Na san ƙeyarka. Na san duga-duganka, na dama ya fi cin takalmi. Na san kafaɗarka ta hagu tana sauka in ka ɗauko ruwa. Duk ranar da ka fita ta ƙofar gabas ina bin bayanka da kallo har ka sha kwanar rumbu. Ranar da kuka tafi Makka na tsaya a bayan darni har raƙumanku suka zama ɗigo. Bayanka na haddace shi kamar Fatiha. Fuskarka ce ban sani ba. Na ɗauka akwai lokaci, in ka girma ka yi iyali kunya ta yi sauƙi, in dube ka a hankali. Mutane na cewa kana da idon mahaifina. Ni ban sani ba, sai dai in ce musu haka ne.

Idon dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu yana ganin mutum kamar itace a cikin hazo, in yana kusa kuma rana na bayana ina iya rarrabe hanci da baki.

Ƙwanka ban yar ba. Na sa Agali ya rataye shi da zaren mundayena a bakin ƙofar gabas. Da hantsi rana na bugunsa ya yi wani ɗan ƙyalli. Da shi nake auna abin da ya rage mini: kullum in na idar da lazimi sai in juya in neme shi daga kan buzuna. Ran da na nema na rasa, to, zuwanka da rashinsa sai dai don kunne.

Na'urar Usta za ta sami wani mai shafa mata mai. Ka ji tsoron Allah.

Wassalam.

*

Agadas
Watan Sha'aban, 1316

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Halimatu. Gaisuwa da durƙuso. Ki duba sunan garin da ke saman takardar nan kafin ki karanta sauran.

Takardarki ta same ni a bakin aiki, hannuna duk mai. Da na kai wurin niƙa na yi dariya har na jingina da bango. Da na wuce wurin kuma sai na zame na zauna. Usta ya zo ya same ni a ƙasa ya ce, "Wuta ta ja ka ne?" Na ce a'a, na fassara masa. Ya ce, "Uwarka ta so ta kunna fitila da dutsen niƙa?" Na ce e. Ya ce, "Da zare biyu? Ta rufe hanya?" Na ce ta rufe. Sai ya ce, "Rabin yaran da ke gidan nan sai da na mare su kafin su gane wannan. Abu ɗaya ta rasa." Laifina ne, Yaya, ni na ce daidai yake da niƙa. Kamanni ne kawai. Dutse ba ya tura komai a cikin jan ƙarfe, ko Dela za ta niƙa hatsin Gobir duka. Sai maganaɗisu ya gifta ta gaban naɗin zare, kai ɗaya ya tura, ɗaya ya jawo.

A makon da takardarki ta zo ne aka shirya damƙa mini na'urar. Na je na tsaya a gabanta tana ruri, na ɗora hannu a jikinta ina jin rawar da take yi. Ba zan ɓoye miki ba, na so ta. Usta ya ce, "In ka tafi ba zan ajiye maka ita ba." Na ce na sani. Ya zage ni da Larabci, ya zagi raƙuma da hamada, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar na'ura da ake juyawa da hannu, maganaɗisunta kamar kofaton doki, da ɗan mitsitsin ƙwai nata. Ba za ta kunna wanda ke ƙofarki ba, ba za ta haska ɗaki ba. Amma in an juya da ƙarfi zaren cikin ƙaramin yana yin ja kamar garwashi. Ki gaya wa Dela wannan karon ni zan yi niƙan.

Na hau jirgin ruwa zuwa Tarabulus, na jira ayari har zafi ya karye, muka biyo ta Gat. Yanzu raƙumanmu sun rame, ƙafafunsu sun fashe, madugu ya ce ba mai motsawa sai sun ci sun murmure. Na nemi in yi gaba ni kaɗai, aka ce hanyar kudu ba ta mutum ɗaya ba ce a bana. Wani ɗan'uwan Intalla zai fita gobe a kan raƙumin gudu zuwa wajen Tagriss, shi na ba takardar nan. Ni ina bayansa da ayarin farko da zai motsa.

Abu ɗaya nake so ki sani tun yanzu don kada ki razana. Na tara gemu. Kuma a kumatun hagu akwai tabo, tsawon ɗan yatsa, inda tartsatsi ya same ni shekarar farko. Fuskar da na fita da ita daga gida ba ita zan kawo miki ba, wancan yaron babu wanda zai ƙara ganinsa. Wannan dai ita ta rage, kuma taki ce.

Kullum da hantsi a nan sai in dubi rana in ce yanzu ta bugi ƙwan. Ban san ko kin same shi ba. In akwai mai tahowa arewa, a bar mini amsa a rijiyar Tagriss, kalma ɗaya ma ta isa.

Ɗanki,
Rabo

*

Dakoro
Watan Ramadan, 1316

Da sunan Allah. A ajiye wannan a rijiyar Tagriss, a hannun mutanen Intalla, a ba mai tabo a kumatun hagu.

Dela ce ta karanta mini taka. Wannan kuwa da hannuna nake rubutawa, kada ka dubi girman baƙaƙen ko karkacewar layi.

Ka bar na'urarka a cikin kaya, Agali ne ke ɗokinta. In ka iso da yamma kada ka shigo. Ka kwana a bakin rijiya, ko mutane sun ce maka me. Da yamma ba ni da ido. Ka bari sai hantsi ya ɗaga, ka zagayo ta bayan rumbu. Kada ka tsaya a bakin ƙofa, rana za ta kasance a bayanka, inuwa kawai zan gani. Ka shigo, ni zan zauna a ƙofar in ba rana baya, kai ka durƙusa a gabana ka fuskanci gabas. Ka sauke rawani. Kada ka sunkuyar da kai don ladabi, na yafe maka wannan. Na gaya wa Dela ta fitar da kowa daga gidan.

Jiya na nemi ƙyallin na daɗe ban same shi ba, ashe gajimare ne. Yau na gan shi, ƙarami, kamar kan allura.

Kada ka tsaya gaishe-gaishe a hanya. Ka yi sauri, Rabo.

Mahaifiyarka